Jiminar Kelle na jiran daji

Duk wanda ya hau keke ya zaga bayan garin Kelle, a gindin duwatsun Kutus, yana iya cin karo da kurege ko zabin daji suna tsallake hanya. Amma jimina, wadda kakanni suka saba gani a sarari, sai dai ya leƙe ta ta bayan waya, a cibiyar kiwon da ƙungiyar Sahara Conservation ke tallafa wa tare da mutanen yankin. Jimina mai jan wuya ta ƙare a dajin Nijar. Farauta da kwasar ƙwai, da rikicin tawayen shekarun 1990 a Ayar, su suka ga bayanta.

Manufar kiwon ita ce wata rana a saki tsuntsayen. To, a wane daji? A 2012 gwamnati ta kafa gandun Termit da Tin-Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita 97,000, duniya ta yaba. A 2019 kuma ta sake shata iyakarsa, ta fitar da babban yanki domin haƙar man fetur. Hannun da ya bayar, shi ya karɓe.

Wajibi ne hukumomin Gure da Damagaram da sarakunan gargajiya su tsaya kan magana ɗaya: a keɓe fili, a ba ma'aikatan gandun daji kayan aiki, a hukunta maharbi komai girman rawaninsa. In an yi sake, ɗan Kelle zai girma bai san jimina ba sai a tatsuniya.