Lissafi da kwamfuta: a tanadi masu bincike tun daga masta

Tsarin karatun jami'a a Nijar hawa uku ne: lisans shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3. Hankalin jama'a ya fi karkata ga na farko da na ƙarshe. Amma a fannin lissafi da ilimin kwamfuta, hawan tsakiya shi ne ke yanke hukunci.

A lisans, ɗalibi yana koyon abin da magabata suka riga suka warware. A masta ne ake miƙa masa matsalar da ba ta da amsa a littafi. Nan yake koyon kafa hujja daki-daki, da karanta aikin wani masani har ya gano inda ya rage, da rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi ta gwada hasashensa. Wanda bai samu wannan horo ba, ko ya shiga doktora, gini ne bisa rairayi.

Ƙasa kuwa tana bukatar waɗannan mutane. A Yamai cibiyar AGRHYMET take tun 1974, cibiyar ACMAD mai kula da yanayin Afirka ita ma a can take. Hasashen damina da manomin Maraɗi da makiyayin Tawa ke jira, lissafi ne ake ɗora wa kwamfuta. Haka ƙidayar jama'a, da auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, da tsare asirin ma'aikatu. Ƙasar da ba ta da masu yi mata wannan aiki, tilas ta saye shi waje, ta kuma karɓi sakamakon da ba ta iya tantancewa.

Abin ba baƙo ba ne. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lissafi. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ya samu babban doktora a Faransa a 1967, ya komo gida ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana. Jami'ar Yamai, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1973, sunansa take ɗauke da shi tun 1992.

Yau akwai jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa da sauran jihohi. Sai dai yawan gine-gine ba shi ne bincike ba. Ɗalibin da ke koyarwa da rana don neman abinci, ya buɗe littafi da dare a gajiye, ba zai yi nisa ba.

Don haka ya wajaba hukumomi su tsaya kan abu uku: kuɗin tallafi mai isa, a kan lokaci, ga ɗaliban masta, maza da mata, malamai masu lokacin bin aikin kowane ɗalibi, da ɗakunan aiki masu wuta da intanet. Ma'aikatu kuma su buɗe wa ɗalibai alƙalumansu, domin bincike ya tsaya kan matsalolin gida.

Lissafi ba ya neman injuna masu tsada kamar sauran fannoni. Abin da yake nema shi ne lokaci da natsuwa. Ƙasa na da ikon ba ƴaƴanta su.