SHARHI: Biniam Girmay A Mararraba: Sabuwar Ƙungiya, Taura Biyu Da Nauyin Nahiya Guda

Ranar 1 ga Disamba, 2025, ƙungiyar tseren keke ta NSN ta sanar da ɗaukar Biniam Girmay, ɗan ƙasar Iritiriya, a kan kwantiragin shekara uku da zai kai shi ƙarshen 2028. A Turai, labarin bai wuce na sauyin sheƙar da aka saba gani duk ƙarshen shekara ba. A Afirka kuwa nauyinsa ya zarce haka. Wanda ake magana a kansa shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a gasar Tour de France. Ƙungiyar da ya koma kuma ita ce wadda har zuwa watan Nuwamba ake kira Israel-Premier Tech, wadda masu zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa suka hana wa sakat a titunan Sifaniya.

Girmay zai cika shekara 26 a watan Afrilun 2026. Wannan kwantiragi ya faɗo daidai shekarun da ɗan tseren keke ke kan ganiyarsa. Abin da ya yi da su shi zai nuna ko shekarar 2024 ƙololuwa ce da ya taɓa sau ɗaya, ko kuwa tubali ce da zai ɗora gini a kai.

Daga Asmara zuwa Turin

A Asmara aka haife shi, birnin da ke kan tudu mai tsayin mita 2,300 da 'yan kai daga gaɓar teku, inda keke ya samu gindin zama tun zamanin mulkin mallakar Italiya. A 2018 Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wato UCI, ta ɗauke shi zuwa cibiyarta ta horaswa da ke garin Aigle a Suwizalan. Shekara guda bayan nan ya ci zango a gasar La Tropicale Amissa Bongo ta Gabon. A 2021 ya samu lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Beljiyam.

A watan Maris na 2022 ya lashe Gent-Wevelgem, ɗaya daga cikin manyan gasannin yini guda na Beljiyam. A watan Mayu ya doke Mathieu van der Poel a zango na 10 na Giro d'Italia, sai dai murfin kwalbar da ake buɗewa a dandalin karramawa ya buge shi a ido, dole ya janye daga gasar. Sai kuma Yulin 2024, lokacin da ya ci zango uku a Tour de France, na farko a birnin Turin, ya kuma tafi gida da koriyar riga, wadda babu ɗan Afirkan da ya taɓa lashe ta kafin shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: Tour de France zango 21 ce cikin mako uku. Rigar rawaya ta wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci ce idan aka tattara zanguna duka, kuma gwanayen hawan tsauni ne ke cin ta. Koriyar riga ta wanda ya fi tara maki ce, galibi ta hanyar rige-rigen ƙarshen zango, inda ake tsuga gudun da kan kai kilomita 70 a awa.

Shekarar fari

Kakar 2025 ta zo masa da fari. Bai ci ko gasa ɗaya ba. A zangon farko na Tour de France a birnin Lille ya zo na biyu bayan Jasper Philipsen, ya rasa rigar rawaya da ƙiris. Koriyar rigar kuma Jonathan Milan na Italiya ya yi awon gaba da ita.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko a jikin wasan yake. Tseren keke ana ba mutum ɗaya kofi, amma aikin ayari ne. Wanda ke bin bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe wajen keta iska. Shi ya sa kowane gwanin gudun ƙarshe ke buƙatar abokan da za su kare shi daga iska, su kutsa da shi cikin cunkoso, su sauke shi a gaba saura mita 200 a kai layi. Philipsen yana da Van der Poel, wanda shi kansa tsohon zakaran duniya ne, yana yi masa wannan hidima. Intermarché-Wanty, ƙungiyar Girmay a 2025, ta kasance cikin masu ƙaramin kasafi a rukunin farko, ba ta da kuɗin tara irin waɗannan zaratan.

Dalili na biyu ya shafi Girmay kansa. A miƙaƙƙen titi marar tudu, Milan da Tim Merlier na Beljiyam sun fi shi ɗanyen gudu. Inda ya fi su shi ne ranar da aka sha wuya, aka hau tuddai, ƙafafu suka yi nauyi, ko kuma layin ƙarshe ya kasance a kan ɗan hawa. Ko a 2024 ma, an rage wa Philipsen matsayi a zango na 6 saboda karkacewa daga layinsa, abin da ya jawo masa asarar maki masu yawa. Wannan bai rage darajar nasarar Girmay ba, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma ya nuna cewa koriyar riga tana buƙatar abubuwa da dama su dace a lokaci guda.

Kuɗi ne suka yanke hukunci

A lokacin gasar 2024 Girmay ya tsawaita zamansa a Intermarché-Wanty har zuwa 2028. Shekara guda da 'yan watanni, ƙungiyar ta narke cikin Lotto, aka haɗa biyu suka zama ɗaya.

Haka tattalin arzikin wannan wasa yake. Ba a sayar da tikiti a bakin titi. Kuɗin talabijin kuma aljihun masu shirya gasa suke shiga, irin su kamfanin ASO mai Tour de France. Ƙungiyoyi sun dogara kacokan ga kamfanonin da ke biya a rubuta sunansu a ƙirjin riga. Ranar da mai talla ya juya baya, ranar ƙungiya ke rushewa, ko da kuwa tana da gwarzon da duniya ke yayi.

Akwai kuma batun lasisi. Ƙungiyoyi 18 ne ke rukunin farko, kuma UCI na tattara makinsu na shekara uku-uku kafin ta tantance wanda zai zauna da wanda zai faɗa. Israel-Premier Tech ta faɗa a ƙarshen 2022, ta dawo a 2026. Sabon zagayen ƙidaya zai ƙare ne a 2028, daidai da kwantiragin Girmay. Ba hotonsa kawai NSN ta saya ba, maki ta saya, kuma za ta riƙa ƙirga su wata-wata.

Rigar da ta zo da ƙura

A gasar Vuelta ta Sifaniya a Satumban 2025, masu adawa da yaƙin Gaza sun tsaya kai da fata cewa sai an kori Israel-Premier Tech. An tashi zango na 11 a Bilbao ba tare da wanda ya ci ba. Zangon ƙarshe a Madrid, ranar 14 ga Satumba, soke shi aka yi. Daga baya kamfanin Premier Tech na Kanada ya janye tallafinsa, attajirin da ya jagoranci ƙungiyar, Sylvan Adams, ya ja baya daga harkokinta na yau da kullum. Sai kamfanin NSN na Sifaniya, wanda tsohon ɗan wasan Barcelona Andrés Iniesta ke cikin waɗanda suka kafa shi, ya karɓi ragama tare da kamfanin zuba jari na Stoneweg. Rajistar ƙungiyar ta koma Suwizalan.

Suna ya sauya, tuta ta sauya, amma akasarin 'yan wasa da ma'aikata su ne dai na jiya. Masu suka na ganin kwaskwarima ce, kuma ɗaukar fitaccen ɗan Afirka hanya ce ta wanke suna cikin gaggawa. Masu kare ƙungiyar na cewa abin da masu zanga-zanga suka nema, wato a daina tallata wata ƙasa da rigar tsere ana tsakiyar yaƙi, shi ne ya tabbata. Titi ne zai raba gardama, kuma ba a ɗau lokaci ba: Tour de France ta 2026 a Barcelona za ta fara ranar 4 ga Yuli, birnin da goyon bayan Falasɗinawa ke da ƙarfi ƙwarai.

Ba a san Girmay da tsoma baki a siyasa ba, kuma wanda ya san ƙasarsa ba zai yi mamaki ba. Isaias Afwerki ke mulkin Iritiriya tun samun 'yancin kai a 1993, ba a taɓa zaɓen shugaban ƙasa ba, aikin bautar ƙasa kuma ba shi da ranar ƙarewa. Ɗan wasan da iyalinsa ke Asmara yana auna kowace kalma. Sai dai shirun da ke kare mutum a gida ba lallai ya wadatar a gaban 'yan jaridar Turai ba. Wannan ma wani nauyi ne da zai ɗauka a kan keke.

Taura biyu

A fagen wasa, buri biyu ke gabansa. Na farko gasannin yini guda na watan Maris da Afrilu: Milan-San Remo mai tsawon kusan kilomita 300, da gasannin Beljiyam da ake yi a kan titunan da aka daɓe da duwatsu, ga iska ga sanyi. Na biyu koriyar riga a watan Yuli.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Horon da ke ƙara wa mutum ɗanyen gudu na daƙiƙa 15 daban yake da wanda ke sa shi jure awa shida yana hawa da sauka. Ana iya haɗa su, kamar yadda Peter Sagan ya yi har ya ci koriyar riga sau bakwai, amma zamani ya sauya. Yau a gudun ƙarshe akwai ƙwararrun da ba su da wani aiki sai shi, a gasannin yini guda kuma akwai Tadej Pogačar da Van der Poel, waɗanda ke tarwatsa ayari tun da sauran tafiya mai nisa.

Duk da haka, lissafi ya fi karkata ga Maris da Afrilu. A tsarin makin da aka yi aiki da shi daga 2023 zuwa 2025, cin zango ɗaya a Tour de France maki 210 ne, Gent-Wevelgem 500, Milan-San Remo kuwa 800. Kuma ƙofar San Remo ba a rufe take ga irinsa ba: a 2024 Philipsen ne ya ci ta, a gudun ƙarshe tsakanin 'yan tsirarun da suka tsallake tudun Poggio. Nan ne baiwar Girmay take. Idan ya kai Yuli da babbar nasara a hannu, zai shiga Tour de France yana zaɓen zangunan da suka dace da shi, koriyar riga ta zama riba idan ta samu. Idan kuwa ya sadaukar da farkon shekara domin gogayya da Milan da Merlier a miƙaƙƙen titi, yana iya tashi ba tsuntsu ba tarko.

A sabuwar ƙungiya zai tarar da mataimaka irin su Jake Stewart, amma zai tarar da masu nasu burin, kamar Ethan Vernon da Corbin Strong. Yadda za a raba gasanni a tsakaninsu shi ne gwajin farko na ko an ɗauko shi ne ya zama madugu.

2028 da abin da zai biyo baya

Akwai riga ta uku, mai launukan bakan gizo, ta zakaran duniya. A Satumban 2025 aka yi gasar duniya a Afirka karon farko, a Kigali. Hanyar da aka shata kilomita 267.5 ce, da hawan da jimillarsa ta haura mita 5,000. Mutum 30 kacal suka kai ƙarshe, Pogačar ya yi nasara, Girmay bai kammala ba. An kawo biki gidan Afirka, amma an ɗinka rigar da ba ta dace da fitaccen ɗanta ba. Gasar 2026 a Montreal za a yi, ta 2027 a tsaunukan Faransa, duka biyun na masu hawa ne. Sai ta 2028 a Abu Dhabi, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, idan masu shiryawa ba su ƙirƙiro tuddai ba. A lokacin yana da shekara 28, kwantiraginsa na dab da ƙarewa.

Tambayar da ta fi dukan waɗannan girma ita ce wa zai biyo bayansa. A 2015 ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu ta kai Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus, dukansu 'yan Iritiriya, zuwa Tour de France. Wannan ƙungiya ta rushe a ƙarshen 2021 saboda rashin mai ɗaukar nauyi, kuma tun daga nan babu ƙungiyar Afirka a rukunin farko. Gasar Gabon da ta fito da Girmay ba a yi ta a 2024 ba, bayan juyin mulkin Agustan 2023. Matashin da ya samu gurbi a Turai kuma yakan ci karo da dokar bizar Schengen, mai ba baƙo kwana 90 cikin kowane 180, alhali kakar tsere wata tara ce. A Najeriya ma ba a manta ba cewa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili.

Wannan ne ya sa zaɓin Girmay ya kasance mai ƙunci tun farko. Gwarzon nahiya mai mutum fiye da biliyan ɗaya ya nemi gida, bai samu ko ɗaya mai tutar nahiyarsa ba. Daga Afirka ana zuba kuɗi a rigunan ƙwallon ƙafa na Turai, alhali wani kaso na wannan kuɗi zai iya riƙe ƙungiyar keke sukutum.

A watan Maris za a fara ganin ko ƙafafun Girmay sun dawo. A watan Yuli a Barcelona za a ga ko sabon suna ya kwantar da ƙura. Amma ko da ya ci San Remo, ya sake sanya koriyar riga, ya haɗa da ta bakan gizo a 2028, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ke bin bayansa a hanyar Asmara zuwa Massawa gasa yake buƙata a gida, da biza, da ƙungiyar da za ta biya shi albashi. Waɗannan kuwa ba a ƙafar Girmay suke ba, a teburin gwamnatoci da attajiran Afirka suke.