Kasuwancin da ke cikin kan Alhaji kaɗai ba ya ganin gobe

Ka tambayi ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa wane shiri ya yi wa baɗi, amsar da za ka fi ji ita ce: wa zai yi tsari a ƙasar da farashin safe daban, na yamma daban?

Yana da hujja. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya bayar da atamfa bashi a tsohon farashi, da kuɗin suka dawo ba su iya mayar da kayan da suka fita ba.

Amma a ganina, babban abin da ke hana mu tsari yana cikin shago. Jari, bashin da ake bi, da wanda ake bin shagon, duk suna kan Alhaji, wai sirrin kasuwa. Cefane, kuɗin makaranta da gudummawar biki kuma daga aljihun ciniki suke fita. Wanda bai san ribarsa ta bara ba, da me zai auna baɗi? Yaran shago, waɗanda suka fi kowa sanin abin da masu saye ke nema, ba a tambayarsu komai.

Gyaran bai buƙatar digiri. Ka rubuta shige da fice kullum, a littafi ko a waya. Ka yanka wa kanka albashi, ka bar jari ya huta. Ka sa farashi bisa abin da za ka kashe wajen sake saro kayan. Duk wata uku ka zauna da yaranka da magajinka ku amsa tambayoyi uku: in dala ta sake tashi fa? In aka yi gobara irin ta kasuwar Sabon Gari a 2016 fa? In ka kwanta jinya wata biyu, wa zai riƙe shagon?

Tsari bai kore tawakkali ba. Manomi ma sai ya ware iri kafin ya jira damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.