MAI ƘIRGAN ƘUDA BA MAHAUKACI BA NE

Kowace shekara idan lokacin cika takardar JAMB ya zo, abu ɗaya muke gani a wurin ɗalibanmu na ajin ƙarshe masu karatun kimiyya. Kowa likita yake so ya zama, in bai samu ba injiniya, in bai samu ba mai haɗa magunguna. Idan jami'a ta ba yaro gurbin Ilimin Dabbobi, sai ka ga gida ya yi tsit kamar an yi rashi. Wasu iyaye har sukan ce, "Duk kuɗin makarantar da muka biya, ƙadangaru za ka je ka ƙirga?" Ni dai a ganina wannan raini kuskure ne, kuma ba sai mun je Turai neman shaida ba. Shaidar tana nan kusa da mu a Kaduna.

Mu fara da sunan unguwarmu. Waɗanda suka sa mata Rafin Guza mutane ne masu lura, sun ga dabbar da ta fi yawa a bakin rafin suka kira wurin da sunanta. Haka ma Kaduna, yawancin mutane sun yarda daga kadduna sunan ya fito. To, da masana suka riƙa gwada jinin da ke cikin ƙudan tsando na bakin rafi don su san wa ya ciza, sai suka tarar guza da kada suna cikin manyan masu ciyar da shi. Wannan ƙuda kuwa shi ne mai ɗaukar ciwon barci zuwa ga mutum, da sammore zuwa ga shanu. Ashe guza da ƙuda da saniya da yaron da aka aika ɗiban ruwa duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Aikin masanin dabbobi shi ne ya bi wannan igiya har ya ga inda za a iya tsinke ta.

Akwai wani Bature ɗan Ingila da ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki, sunansa Dokta T. A. M. Nash. An haife shi a 1905. Ya fara binciken tsando a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, sa'an nan ya zo Nijeriya a 1933, lokacin da ciwon barci yake cin mutane a Arewa ba kama hannun yaro. Aka kai shi Gadau, kusa da Azare. Shi ba likita ba ne, bai yi wa kowa allura ba. Aikinsa shi ne auna zafi da laima a cikin kurmi da wajensa, da ƙirga ƙudajen da aka kama a kan hanya ɗaya wata bayan wata, da tonon ƙasa a gindin itatuwa don neman 'ya'yansu. Wanda ya gan shi a lokacin zai iya cewa Baturen nan ya taɓu. Amma a 1937 ya buga sakamakon aikinsa, inda ya nuna cewa yanayin zafi da laima shi ne yake mulkin rayuwar tsando.

Ga abin da irin wannan haƙuri ya bayyana. Tsando ba ya jure zafin bazara da bushewar iska a fili. Idan rani ya yi tsanani sai ya tattaru a inuwar kurmin bakin rafi, inda sauran ruwa ya rage. Nan ne kuma mata suke wanki, yara suke wanka, makiyaya suke shayar da shanu. Saboda haka ƙudaje kaɗan da suke cizon mutanen ƙauye ɗaya kullum a mashaya ɗaya sun fi dubban ƙudajen da ke can cikin daji haɗari. Abu na biyu, tsando ba ya zuba ƙwai barkatai kamar sauro. Macen takan riƙe ɗa guda a cikinta tana ciyar da shi, ta haife shi tsutsa bayan kwana tara ko goma, tsutsar ta nutse cikin ƙasa mai taushi a inuwa, bayan kamar wata guda ta fito ƙuda. A duk rayuwarta da wuya ta haifi fiye da goma. Halittar da haihuwarta take da nawa haka, in ka hana ta inuwa a wuraren da suka dace, ba ta iya mayar da abin da ta rasa.

Da wannan sani aka shiga aikin Anchau a ƙasar Zazzau, cikin ƙaramar hukumar Kubau ta yanzu, tun daga 1937. Ba a ce za a share dukan dajin Arewa ba, domin ba mai iya wannan. An sare kurmin bakin rafuffuka a wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in mil kusan 700, aka haƙa rijiyoyi masu siminti don mutane su daina dogara ga mashayar da ƙuda yake jiransu, aka tattara ƙananan ƙauyuka a inda jama'a za su iya hana kurmin sake tsirowa. Aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna kusa da tsohon Anchau, aka sa masa suna Takalafiya. Garin yana nan har yau, duk mai shakka yana iya zuwa ya gani.

Aikin bai tsaya nan ba. A 1947 aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, hedkwatarta a nan Kaduna, da reshe a Vom. Nash ya shugabance ta a shekarun 1950, kuma ita ce ta zama NITR a 1964. Tana Unguwar Rimi, wasunmu suna wuce ta a mota ba su taɓa tambayar me ake yi a ciki ba. Bayan ya koma gida ya buɗe ɗakin binciken tsando na Jami'ar Bristol a 1962, inda shi da abokan aikinsa suka gano yadda za a yi kiwon ƙudan da yawa, suna ciyar da shi da jinin awaki da na kunnen zomaye. Wani zai ce, wane mai hankali ne zai yi kiwon tsando? Amma sai da aka iya kiwonsa aka iya mayar da mazan juya da haske na musamman, a sake su cikin daji. Macen tsando yawanci sau ɗaya ake yi mata barbara, in ta haɗu da irin wannan namiji ta gama haihuwa ke nan. An gwada dabarar a yankin Lafiya a shekarun 1980, aka kuma kawar da tsando gaba ɗaya daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ba na cewa masanin dabbobi shi kaɗai ya yi yaƙin. Likitoci da ma'aikatan jinya sun bi ƙauyuka suna gwaji suna ba da magani, kuma da haɗin hannunsu duka aka kai ga cewa tun 2018 masu ciwon barci da ake samu a duniya a shekara ba su kai 1,000 ba, alhali a 1998 sun kusa 40,000. Amma likita yana warkar da wanda ya riga ya kamu. In aka sallame shi ya koma mashaya ɗaya, ƙuda ɗaya yana jiransa. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin irin wannan ciwo yana hannun wanda ya san halin ƙudan.

Akwai maganganu uku da nake jin ana yi, kuma ya kamata a amsa su. Ta farko, cewa aikin Anchau aikin mulkin mallaka ne. Gaskiya ne. An sa talakawa saran kurmi bisa umarni, an tashi wasu daga gidajen kakanninsu ba da son ransu ba, an kuma yi asarar itatuwa masu amfani. Ƙari a kan haka, samarin ƙasar nan da suka riƙa bin rafi da 'yar koma suna kama ƙuda suna ƙirgawa, su ne ƙafafu da idanun binciken, amma sunayen yawancinsu ba su shiga littafi ba. Wannan bai zama dalilin guje wa ilimin ba. Dalili ne na mu riƙe shi da hannunmu, domin ɗan ƙasa da ya san darajar kurmi da darajar mutanensa zai fi baƙo sanin abin da za a sare da abin da za a bari.

Ta biyu ta fi fitowa daga 'yan'uwa a ikkilisiya, masu tsoron kada darasin sauyawar halittu ya raba yaro da bangaskiyarsa. Ina girmama wannan damuwa, amma mu dubi abin da ke gabanmu. Muturu da Ndama, ƙananan shanun da suka daɗe a ƙasar tsando, suna jure sammore, Bunaji kuwa in ta shiga can sai ta rame ta faɗi. Dalili shi ne, cikin dubban shekaru marasa juriya sun mutu, masu juriya suka hayayyafa. Ta wannan hanya ce ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorakwin. Sanin yadda halitta take aiki ba ya rage girman Mahalicci. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idodin gadon halitta, limamin Kirista ne. Littafin Sarakuna na Fari ma, da yake lissafa hikimar Sulemanu, ya haɗa da saninsa na dabbobi da tsuntsaye da masu rarrafe da kifaye.

Ta uku ita ce ta abinci: ina aikin yake? Ba zan ruɗe ku ba, wannan hanya ba ta saurin arziki ba ce. Amma ƙofofi suna nan. Akwai NITR, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis kusa da Jos. Sammore bai ƙare a garkunan shanunmu ba. Jan baki yana nan yana cin gero da shinkafa, ɓera yana ɗaukar zazzaɓin Lassa, sauro yana ƙara taurin kai ga maganin feshi. Kowannensu yana jiran wanda zai zauna ya karanci halinsa kamar yadda aka karanci na tsando.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ba sai kun shiga jami'a za ku fara ba. Ku sayi littafin rubutu na musamman. Ku zaɓi wuri ɗaya a bakin rafin unguwar nan ko a bayan ajinku, ku riƙa zuwa rana ɗaya kowane mako, ku rubuta kwanan wata da yanayin gari da abin da kuka gani da yawansa. A wane wata tsutsar sauro ta fi yawa a kwata? Yaushe shamuwa take zuwa, yaushe take tafiya? Har yanzu akwai guza a Rafin Guza, in babu, me ya kore shi? Ku tambayi tsofaffi da masunta, ku rubuta abin da suka faɗa, sa'an nan ku gwada shi da idonku. Kada ku rubuta abin da ba ku gani ba, ko da shafin zai zauna wayam.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwana malamai, idan yaro ya tsaya yana kallon jerin tururuwa ko sheƙar tsuntsu, kada mu yi saurin ce masa malalaci. Mu tambaye shi me ya gani. Idan jami'a ta ba shi Ilimin Dabbobi, mu sa masa albarka da zuciya ɗaya kamar yadda za mu sa wa ɗan'uwansa mai karatun likita. Allah ya ba 'ya'yanmu idon lura da haƙurin damo. Amin.