Sankarar fata: abin da waya za ta iya yi wa zabayan Birchi, da abin da ba za ta iya ba

Yawancin manhajojin hasashen yanayi da ke cikin wayoyin zamani suna nuna wata 'yar lamba da aka rubuta UV a gefenta. Matasa da dama sukan duba ma'aunin zafi ko yiwuwar saukar ruwan sama su wuce, ba su taɓa tsayawa a kanta ba. Amma ga mai lalurar zabiya da ke zaune a Birchi, tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, wannan lamba ta fi komai muhimmanci a fuskar wayar, domin ita ke nuna ƙarfin hasken da ke cin fatarsa a wannan sa'a.

UV wani ɓangare ne na hasken rana wanda ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin sa a matsayin zafi. Shi ya sa yake cutarwa ko da gari ya yi lumshi ko hazon hunturu ya sauka. Ma'auninsa yana tashi daga 1 ya kai 11 har ya haura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 3 zuwa sama fata na buƙatar kariya. A ƙasar Katsina, da tsakar ranar bazara, lambar takan kai 11 ko ta wuce. A daidai wannan lokaci ne ake sharar gona, ake ban-ruwa a gonakin rani na kewayen madatsar Zobe, ake tallar kaya a bakin titi.

Baƙar fata tana da garkuwa ta halitta, wato sinadarin melanin. Zabaya ba su da shi, ko kuma ɗan kaɗan ne a jikinsu. Lalurar gado ce: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, ko da su baƙaƙe ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da zabiya. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cuɗanya, kuma ba ta da alaƙa da abin da uwa ta ci ko ta gani. Abin da ke kashe zabaya da ƙuruciyarsu a Afirka, a mafi yawan lokuta, sankarar fata ce, wadda takan fara da ɗan ɓawo mai kaushi a wuya, kunne, leɓe ko bayan hannu.

Sauran jama'a ma ba su tsira gaba ɗaya ba. A baƙar fata, sankara takan ɓulla a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, ko kuma a tsohon gyambo da tabon ƙuna da suka ƙi warkewa. Irin wannan ce ta kama mawaƙin Jamaika Bob Marley a yatsan ƙafa, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

To, mene ne rawar waya a nan? Amsar da kasuwar manhajoji ke tallatawa ita ce: a ɗauki hoton tabo, ƙirƙirarriyar basira ta faɗi ko sankara ce. Wannan ce amsar da ya kamata a fi yin hattara da ita. Manhaja tana gane abin da aka koya mata ne kawai. Wani nazari da masana na Jami'ar Oxford suka fitar a 2021 ya duba rumbunan hotunan fata 21 da kowa ke iya amfani da su wajen horar da irin waɗannan manhajoji. A cikin hotuna sama da dubu ɗari, 2,436 ne kaɗai aka rubuta launin fatar mai su, kuma a cikinsu goma ne na masu fata ruwan ƙasa, ɗaya tak na baƙar fata. Manhajar da ta yi karatu a kan fatar Turawa, idan ta ce wa manomin Kurfi tabon tafin ƙafarsa ba komai ba ne, ba ta san abin da take faɗa ba. Kuma kuskuren da ya kwantar wa mutum da hankali ya fi wanda ya tsorata shi haɗari, domin shi ne ke sa a zauna a gida har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Amfanin waya na gaskiya ya fi haka sauƙi. Na farko shi ne sanin lokaci. A watan Yunin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da manhajar SunSmart Global UV, kyauta, a Android da iPhone. Tana nuna ma'aunin UV na wurin da mutum yake da sa'o'in da ake buƙatar kariya, na tsawon kwana biyar. Uwa mai yaro zabiya da ta ga haka za ta iya mayar da aiken rijiya da na niƙa zuwa sassafe ko bayan la'asar, domin tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma ne rana ta fi illa.

Na biyu shi ne ajiye tarihi. Kyamarar da ba za ta iya gano cuta ba tana iya tuna abin da ido ya manta. A ɗauki hoton tabo sau ɗaya a wata, a haske iri ɗaya, a ajiye murfin biro ko ƙwandala a gefensa don a ga girma. Wayar da kanta tana rubuta ranar. Idan tabon yana faɗaɗa, ya canza launi, yana zubar da jini, ko ya yi makonni bai warke ba, jerin hotunan sun fi dogon bayani amfani a gaban likita. Ɓawon da aka kama da wuri ana iya daskarar da shi ko a yanke shi cikin ɗan lokaci. Wanda aka bari ya girma shi ke kai mutum ga babbar tiyata da gashi a Shika ko Sakkwato.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne haɗa mutane. Iyalin da ke da zabiya a ƙauye sau da yawa ba su san wani iyali irinsu ba. Zauren WhatsApp da ya haɗa irin waɗannan gidaje daga Birchi, Kurfi da Dutsin-Ma zai iya amsa tambayoyin da babu manhajar da ta san su: wace rana ake ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, nawa ne kuɗin mota, wa zai raka wa, a ina ake samun man kariya na gaske. Gidauniyar Zabaya da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta yi fafutuka har gwamnatin tarayya ta taɓa amincewa, a wani lokaci a baya, a riƙa kula da zabaya masu sankarar fata kyauta a Asibitin Ƙasa na Abuja. Amma tanadin da mai buƙata bai taɓa jin labarinsa ba, daidai yake da babu.

Sai dai zaure mara tsari ya fi rashinsa muni. Da zarar an tara marasa lafiya wuri guda, masu tallar maganin "warkar da kansa cikin sati biyu" da masu sayar da man bilicin da sunan man kariya za su biyo baya. Don haka dole a samu ma'aikacin lafiya ko da ɗaya ne a cikin shugabannin zauren, a hana talla, kuma kada kowa ya yanke hukunci a kan hoto sai dai ya ce a je asibiti. Hoton ciwo sirri ne, kada ya fito da fuska, kada a tura shi wani zaure ba da izini ba. A fifita saƙon murya a kan rubutu, domin zabaya suna da raunin gani, kuma ba kowace uwa ke karanta boko ba. Wanda ya iya waya ya taimaka ya ƙara musu girman haruffa ya kunna madubin ƙara girma da ke cikin saitunan Android.

Wani zai ce duk wannan magana ce ta masu data da caji. Yana da gaskiya. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, saboda matsalar tsaro, aka yi watanni babu sabis. Wannan ya nuna cewa kariyar ta ainihi ba a cikin waya take ba. Malafa mai faɗin baki, riga mai dogon hannu da kauri, hijabi, laima da inuwar bishiya ba sa buƙatar sabis. Man kariya mai lamba SPF 50 yana da tsada, kuma sai an sake shafawa duk bayan awa biyu. A watan Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a jerin magungunan da suka zama wajibi, wanda hakan hujja ce ga duk mai neman gwamnatin jiha ta ajiye shi a asibitoci maimakon a bar shi a kantin kayan kwalliya. A Moshi ta Tanzaniya an daɗe ana haɗa shi a gida ana raba wa zabaya, don haka abu ne mai yiwuwa.

Ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da sauran matasa masu koyon rubuta manhaja, aikin da ake buƙata ƙarami ne. Saƙon murya ko na tes da Hausa kowace safiya, mai faɗin sa'o'in da za a guji rana, wanda zai shiga ko da ƙaramar waya mai madanni, zai fi kowace manhajar gano cuta amfani a wannan yanki. Ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan zabaya ta duniya. Duk mai son ya nuna abin da ya iya, ga ranar da zai sa wa kansa wa'adi.