Kada Ku Guji Allurar Hoton Zuciya

Ya ku masu gida, ku saurara. Ni malamin asibiti ne, na daɗe ina ba da magani a ƙasar Bungudu. Bara wani dattijo ya komo daga awon zuciya yana cewa allurar da aka yi masa ta kusa kashe shi. Da maƙwabcinsa ya ji haka, sai ya ɓoye takardar da likita ya ba shi a Gusau, ya ƙi zuwa. A ganina wannan babban kuskure ne.

Ga yadda abin yake. Zuciya tana da jijiyoyi masu kai mata jini. In sun soma toshewa, ƙirji yakan ɗaure wa mutum sa'ad da yake noma, in ya zauna ya lafa. Don haka likita yake so ya ga zuciya tana cikin aiki. Mai ƙarfi akan sa shi tafiya bisa na'ura. Tsoho ko mai ciwon gwiwa kuwa, allura ake yi masa a jijiyar hannu, sa'an nan a ɗauki hoto.

Wata allurar sunanta adenosin, ana ɗura ta minti 4 zuwa 6. Za ka ji fuska ta yi zafi, ƙirji ya yi nauyi, numfashi yana sarƙewa. Da an tsayar da ita, cikin 'yan mintoci sai ya wuce, gama ba ta daɗewa cikin jini. Wata kuma, dobutamin, takan sa zuciya bugawa da sauri. Ban ce babu haɗari sam ba, amma likita yana tsaye, ga maganin karya ta a ajiye. Faɗa masa duk abin da ka ji.

To, ka kiyaye waɗannan:

1. Kada ka ci goro, ko ka sha shayi ko kofi, har awa 24 kafin awon. Suna kashe ƙarfin adenosin. Wani mutumin Tsafe ya tauna goro a mota, aka komo da shi, kuɗin motarsa ya tafi a banza.
2. In kana da ciwon fuka, faɗi tun da fari.
3. Mai ciki ko mai goyo ta gaya wa likita.
4. Tafi da dukan magungunan da kake sha, har na gargajiya.

Wuyar minti 6 ta fi a ce ka faɗi a gona, iyali su rasa mai ci da su. Allah ya ba mu lafiya, amin.