Takobi daga dandalin ƙauye yake fitowa

Duk ƙarshen shekara idan aka buɗe gasar Takobi, Nijar gaba ɗaya sai ta koma gaban talabijin ɗin Tele Sahel. Jiha takwas, kowace da 'yan kokowa goma, ana ta kaye har a samu sarki. Tun 1975 da aka fara a Tawa ake wannan biki, kuma mu mutanen jihar Doso ba mu taɓa zama 'yan kallo kawai ba. Filin kokowar Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, Isaka Isaka kuma ya ɗaga takobin har sau shida. Abin alfahari ne. Damuwata ita ce wurin da ake ƙera irin waɗannan mazaje, wato dandalin ƙauye bayan kaka, yana ta yin shiru a yankinmu na Arewa.

Ni a Matankari na fara ganin kokowa da idona, ina kan wuyan kawuna saboda cinkoso. An gama yankan gero, rumbuna sun cika, samarin wani ƙauye na gefen kwarin Dallol suka zo da makaɗinsu a ƙafa. Babu kujera, babu tikiti. Mutane ne suka yi da'ira, ƙura na tashi, ganga na kiran sunan kowa da na ubansa. Wani siriri ya fito, guru a ƙugu, layu a damtse, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya watsa, ya yi kirari har muryarsa ta dishe. Abokin karawarsa ya fi shi jiki nesa ba kusa ba. Suka daɗe a sunkuye suna lallaɓar hannun juna, har na ce, "Kawu, yaushe za su fara?" Ya ce, "Yi shiru, yaro, ai sun fara." Kafin in rufe baki siririn ya shige ƙarƙashinsa ya ɗauke ƙafa, ƙato ya sha ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa. Abin da ya fi zama mini a rai shi ne, wanda ya yi kayen ya miƙa hannu ya tada shi, ya kaɗe masa ƙasar baya, da daddare kuma a akushi ɗaya suka ci tuwo.

Wannan tarbiyya ba a samunta a waya. Yaron da ya ga kokowa a allo kaye kawai yake gani. Wanda ya tsaya a fage yana ganin yadda namiji yake haɗiye faɗuwa a gaban budurwarsa da iyayensa, ya tashi ya gaida dattawa.

Na san dalilan da ake kawowa. Da an gama girbi samari sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu wajen haƙar zinariya a Jado. Rashin tsaro ya sa taron dare ya yi wuya a wasu garuruwan bakin iyaka. Duk gaskiya ne. Amma kokowar yamma, tsakanin la'asar da magariba, ba ta buƙatar komai sai fili, makaɗi da buhun gero na kyauta. Wasu malamai kuma suna ƙyamar layu da surkulle da ke biye da ita; ina girmama maganarsu, sai dai a gyara abin da ya ɓaci, kada a rufe fagen.

Kirana ga hukumomin Dogon Dutsi, Tibiri, Ɗankasari, Kiyeshe da Gecame, da sarakunanmu da masu gari: ku ware ranar kokowa a kowace kaka, unguwa da unguwa, ƙauye da ƙauye, a sa ajin yara a ciki. Ku iyaye kuma, ku kama hannun 'ya'yanku ku kai su fage.